Majken, Wadda Ta Hana Mu Tono Eskil

Ƙarfe bakwai da rabi Majken Rudholm take jingine kekenta a ƙofar ofishinmu da ke garin Skövde, ko da ƙanƙara ake zubawa. Ta cire takalmi, ta zura silifas ɗin ulu, ta ɗora kofi, sannan ta tsaya gaban bangonta. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana manna katuna a bangon nan: wa ya haifi wa, wa ya mutu, wa ya san sirrin wa. Mu masu zana matakan wasan bidiyo ne, ita kuwa aikinta ta tabbatar abin da muka zana bai ƙaryata labarin ba. Babu abin da ke fita sai da sa hannunta. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma ni Sixten, da na fi kowa ba ta ciwon kai, ni ya kamata in faɗi abin da na gani.

Wasanmu labarin Tyra ne, mai jirgin fito, wadda ƙanenta Eskil ya nutse kusa da wani tsibiri a babi na uku. Duk sauran tafiyarta a kan wannan rashin aka gina ta. Bara muka ƙulla yarjejeniya da wani kamfani na Denmark: jarumin wasansu, ƙaton maƙeri Holger, zai baƙunci namu a mataki guda. Ni aka ba aikin. Da yake na san mutane na son Eskil, sai kawai na dawo da shi da ransa, yana tsalle-tsalle tare da Holger. Har da bugun ƙirjina.

Ranar Litinin, saura kwana tara a saki, Majken ta buga matakin, ta taso ta tsaya a kaina.

"Sixten, wa ya tono yaron nan?"

"Haba Majken, matakin baƙo ne fa. A buga, a yi dariya, a wuce."

"Sai a babi na biyar matakin yake buɗewa. Mutum ya yi kukansa ya share hawaye, sannan ya tarar da mamacin yana tsere? Ba zan sa hannu ba."

A ofishinmu wajen shan kofi na ƙarfe uku ake yanke magana. Ba ma ɗaga murya, kuma ba a tashi sai kowa ya ce ya yarda. Ran nan ba wanda ya taɓa burodin kirfa. Shugabanmu Torbjörn ya yi magana a hankali, irin wadda ta fi tsawa ban tsoro.

"Mutanen Denmark sun gani, sun yaba. Kowa ya yarda sai ke."

"To ashe ba kowa ba ne."

"Majken, in Juma'a ta yi babu sa hannunki, zan ba wani aikin, in cire sunanki daga wasan. Ba na so, amma zan yi."

"Na ji. Miƙo min madara."

Shekara goma sha ɗaya za a goge saboda wautata, amma na sunkuyar da kai na yi gum kamar sauran. Har yau ina jin kunyar shirun nan.

Kwana biyu ba wanda ya zauna kusa da ita. Alhamis da safe ta kira ni gaban bangon, ta zaro wani kati da ya koɗe don tsufa. Rubutunta ne na shekara bakwai da suka wuce: "Tyra ita kaɗai ce a tsibirin. Wa ya taya ta ɗaukar gawa zuwa kan dutse?" A wasan, allo yakan yi baƙi bayan nutsewar, sai kawai a ga kabari. Ba wanda ya taɓa tambaya sai ita.

"Ga ƙatonka can mai ƙarfin banza," ta ce. "Ba shi aiki."

"Kwana shida fa suka rage!"

"To tsayuwar me kake yi?"

Na kai wa Torbjörn sabon zanen, na ce laifin nawa ne tun farko. Ya rufe ƙofa ya buga waya Denmark. Minti ashirin muna kallonsa ta gilashi. Da ya fito sai ya ce, "Sun ce ba a taɓa ba Holger aikin mutunci irin wannan ba. Ku kama."

Haka matakin ya fita. A babi na biyar Tyra takan tuna ranar. Babu faɗa, babu maki. Ita da Holger ne ɗauke da makara cikin iska, in ka saki maɓalli makarar ta karkace. A kan dutsen kuma Holger ya ƙera ƙarfen nan da 'yan wasa suka shekara suna gani a kan kabarin ba su san maƙerinsa ba.

Ke ce, Majken, mai gadin ƙofar labari. Ke ce kika tsaya ke kaɗai saboda 'yan wasan da ba su san da ke ba. Mun gode. Ku kuma da za ku gaje ta, ran da tebur duka ya ce e, zuciyarku ta ce a'a, ku buɗe baki, kada ku yi irin nawa.

Don in wanke kaina, na saka sunanta ƙanana a gindin ƙarfen kabarin. Ranar Juma'a ta gano shi tun kafin kofinta ya huce.

"Goge."

"Girmamawa ce, Majken."

"Babu wata Majken a tsibirin nan."

Na goge, sannan ta sa hannu.