Kazama Tetsuzo, Mutumin da Ya Ƙi Ƙara Yashi

Haihuwa da asali

An haifi Kazama Tetsuzo a watan Janairun shekarar 1954, a garin Tsunohama da ke bakin teku a lardin Niigata na ƙasar Japan. Mahaifinsa Kazama Heisuke masunci ne, mahaifiyarsa Toyo kuwa busar da kifi take yi tana kaiwa kasuwa. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi ne gajeren cikinsu, shi ya sa har ya yi furfura yayyensa ba su daina kiransa Guntu ba. Mahaifiyarsa ta sha gaya wa maƙwabta cewa duk cikin yaranta babu mai taurin kan wannan: in ya ce ba zai ci abu ba, a ɗauke kwanon kawai a huta, domin lallashi ba ya yi masa, bugu ma ba ya yi.

Karatu da fara wasa

A shekarar 1966 ya shiga makarantar sakandare ta garinsu, ya faɗa ƙungiyar wasan tanis a hannun wani malami mai suna Inokuchi. To, kun san Tsunohama. Da zarar sanyi ya shigo dusar ƙanƙara ta binne filayen waje, ba a sake ganinsu sai bazara, saboda haka kusan rabin shekara a ɗakin motsa jiki na makaranta yaran suke wasa, a kan daɓen katako mai sheƙi. A kan katako kuwa ƙwallo ba ta tashi sama, sulɓewa take yi a ƙasa-ƙasa ta wuce. Duk wanda ya tsaya a layin baya yana jiran ta iso, sai dai ya ji ƙararta a bango. Malam Inokuchi yakan tsaya a gefe da hannuwa cikin aljihu yana cewa, "Me kake jira a can baya, Guntu? Jirgin ƙasa?" Da haka yaron ya koyi sana'ar da ya rayu a kanta: ya buga bugun farko, ya ruga bakin raga, ya tare ƙwallon tun ba ta taɓa ƙasa ba.

A shekarar 1971 aka kai shi gasar makarantu ta ƙasa, wadda aka yi a kan jar ƙasa. Nan ƙwallo ta riƙa nutsewa tana tasowa a hankali har tsayin kunnensa, yaran birni suka riƙa wuce shi da ita dama da hagu suna dariya. Da suka kamo hanyar gida malaminsa ya ba shi shawarar ya koyi haƙuri a layin baya. Tetsuzo ya sunkuya ya yi godiya cikin ladabi, sannan ya ce shi dai a ganinsa ƙasar ce ke da laifi.

Aiki da shiga sahun ƙwararru

Bayan kammala makaranta a 1972, wani kamfanin ƙera injinan ban-ruwa a Nagaoka ya ɗauke shi aiki, da safe yana ofis, da yamma yana buga wa kamfanin wasa. A 1976 ya ajiye aikin ya shiga sahun ƙwararru masu yawon ƙasashe.

A wancan zamani kowane gari da irin filinsa. Wani ciyawa, wani kafet, wani siminti, wani jar ƙasa, kuma kowane fili da mutanensa. Inda ƙwallo ke gudu tana bin ƙasa, a nan gajarta ta zama masa arziki, don dogaye sai sun duƙa kafin su ɗauko ta, shi kuwa da ma yana kusa da ita. Lokacin sanyi, da ake wasa cikin ɗakuna a kan kafet, ya kayar da mutanen da suka fi shi suna nesa ba kusa ba. Amma da bazara ta zo aka koma jar ƙasar Turai, sai ya zama baƙon kwana ɗaya: a fitar da shi a zagayen farko, ya wanke safarsa da ta yi ja, ya nemi jirgi. Masu horarwa da dama sun yi masa tayin gyara wasansa, bai karɓi ko ɗaya ba. Ciwon gwiwa ne ya ajiye shi a shekarar 1985.

Aure da 'ya'ya

Ya auri Fumie, 'yar mai shagon taliya da ke kusa da tashar jirgin garinsu, a watan Afrilun 1980. Mace ce mai baki, kuma ita kaɗai yake yi wa shiru. Takan ce ta auri mutumin da ko ƙwallo ba ya iya jira ta sauka ƙasa, balle shinkafa ta nuna. Sun haifi Kotone a 1981, Shunpei a 1984, sai auta Mayu a 1988.

Shunpei ne ya ɗauko wasan, kuma ya ɗauko tsayin dangin uwa. A 1999, yana da shekara goma sha biyar, aka ba da shawarar a tura shi makarantar tanis a ƙasar Sifen. Uban ya ƙi, uwar ta ce sai ya tafi, ya kuwa tafi. Da ya dawo ya zama gwanin layin baya, mai murɗa ƙwallo ta tashi sama, mai iya mayar da ita har abokin karawa ya gaji ya yi kuskure. Tetsuzo ya kalli atisayensa na farko ya koma gida ya gaya wa Fumie cewa ya ba Turawa ɗa sun dawo masa da injin ban-ruwa.

Gasar Tsunohama da sauyin zamani

Tun a shekarar 1991 Tetsuzo ya kafa wata ƙaramar gasa ta ƙwararrun maza a zauren wasanni na garin, ana yin ta duk watan Nuwamba a kan kafet, shi ne kuma shugabanta. Ba gasar manyan taurari ba ce, ta masu neman makin da za su hau sama ce da masu gudun kada su faɗo.

Daga farkon shekarun 2000 duniyar wasan ta fara juyawa. Aka ce 'yan kallo sun gaji da wasan bugu ɗaya ko biyu, suna son a daɗe ana musayar ƙwallo, sai gasa bayan gasa ta riƙa rage gudun filinta. Masu rugawa bakin raga suka riƙa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, domin a fili mai nauyi mutumin baya yana da lokacin da zai auna ya wuce ka. A 2009 Tsunohama ma ta naɗe kafet ɗinta ta koma daɓe mai fenti. To a irin wannan daɓe, sirrin yana cikin yashin da ake kwaɓawa da fentin. In yashin ya yi yawa sai ya kama ƙwallo ya rage mata gudu ya ɗaga ta sama, in ya yi kaɗan ta sulɓe. Kuma shugaban gasa ne ke faɗin yawan da za a zuba. Tetsuzo ya sa aka zuba mafi ƙarancin abin da doka ta yarda, ya tsaya a kan masu fenti da kansa har suka gama. Hujjarsa ɗaya ce, bai kuma taɓa sauya ta ba: in duk filayen duniya suka zama iri ɗaya, 'yan wasan duniya ma iri ɗaya za su zama, kuma dole a bar wa mutanen raga ko gida ɗaya ne da za su ci abinci.

Shekarar 2012

A wannan shekara Shunpei yana da ashirin da takwas, ya dawo daga jinyar wuyan hannu, sunansa ya yi ƙasa sosai a jerin gwanaye. Lissafin a fili yake ga kowa: in ya kai wasan ƙarshe a Tsunohama zai sami makin shiga share fagen babbar gasar watan Janairu, in bai kai ba kamfanin da yake buga wa wasa zai sallame shi, shi ke nan kuma. Sai aka yi dace, ko rashin dace, lokacin sabunta fentin filin ya faɗo a watan Oktoba.

Shugaban kwamitin gasar, wani dattijo mai suna Ogasawara, ya je har gida da kwalin kayan zaƙi. Ya yi ta kewaye-kewaye kan yanayi da tsadar kifi, daga bisani ya ce ai babu dokar da za a karya, kowace gasa ta ƙara yashi, masu ɗaukar nauyi suna son dogon wasa, gari kuma yana son ɗansa. Tetsuzo ya karɓi kwalin da hannu biyu, ya raka shi har bakin titi, ya ce yashin yana nan yadda yake.

Bayan mako guda Shunpei ya zo da kansa. Suna cin abincin rana, Fumie na zuba miya, ya ajiye tsinken cin abincinsa.

"Baba, ban taɓa roƙonka komai a wasan nan ba."

"Kada ka fara yau."

"Ba cewa na yi ka ba ni kofi ba. Ka yi fili irin na kowa, shi ke nan."

"Irin na kowa yana ko'ina, ka yi shekara goma kana wasa a kansa. Wannan ɗaya ne ya rage."

"Mutanen da kake tsare wa filin nan sun ƙare, Baba. 'Yan tsofaffi ne suka rage."

"To tsofaffin su zo. Kai kuma raga tana nan a tsakiyar fili, ba a hana ka zuwa wurinta ba."

Fumie ta dangwarar da ludayi ta ce, "Baban Shunpei, ɗanka ne fa, ba bokitin fenti ba." A karon farko tun aurensu bai yi mata shiru ba. Ya ce ya sani, kuma don ɗansa ne ma ba zai taɓa yashin ba, domin ranar da ya gyara fili saboda jininsa, ranar ya gama zama shugaban gasa ya zama mai shirya biki.

Aka yi fenti yadda aka saba. Shunpei ya sha da ƙyar a zagayen farko. A na biyu ya haɗu da wani dogon Bature ɗan shekara talatin da biyar, wanda duk shekarar bai ci wasan kirki ba sai da ya iso wannan fili. Ƙwallon Shunpei ta ƙi tashi, ta Baturen ta ƙi tsayawa, kafin mutane su gama zama da kyau an gama. Ranar Lahadi Baturen nan ya cinye gasar, Tetsuzo ya miƙa masa kofi ya sunkuya masa a gaban garin da rabinsa ba ya son ganin fuskarsa. Shunpei kuwa tun ranar Alhamis ya bar gari ba sallama, kuma kafin shekara ta fita ya sanar da barin wasa.

Shekarun ƙarshe

A 2014 kwamiti ya sauke Tetsuzo daga shugabanci, aka ƙara yashi. An yi masa tayin kujerar girmamawa a layin gaba, ya ce a ba mai buƙatar barci. Bai sake taka zauren ba, alhali kullum ta gabansa yake bi zuwa kasuwar kifi. Shunpei ya zauna a Osaka yana horar da matasa, yana kiran mahaifiyarsa a waya, in uban ne ya ɗauka sai ya tambayi ko Mama na kusa. Haka suka yi shekara shida tun daga waccan gasa ta 2012.

A ƙarshen 2018 ciwon hanta ya kwantar da Tetsuzo a asibitin lardi. Fumie ba ta roƙi kowa ba, gaya wa ɗanta kawai ta yi abin da likita ya ce. Shunpei ya zo wata rana da hantsi, ya tsaya a bakin gado da rigar sanyinsa bai cire ba.

"Har yanzu ban yafe ba, Baba."

"Ban roƙe ka ba."

"Da za a sake, za ka ƙara yashin?"

"Ko cokali ɗaya."

Sai Shunpei ya cire rigar ya rataye, ya jawo kujera, ya ɗauki tuffa a kan tebur ya fara fere masa. Uban ya ce yana yanka ta da kauri, ɗan ya ce in bai so ya tashi ya yi da kansa. Bai koma Osaka ba sai bayan jana'iza.

Rasuwa

Kazama Tetsuzo ya rasu ranar 9 ga watan Fabrairun 2019, yana da shekara sittin da biyar. An ƙone gawarsa bisa al'ada, daga baya aka kai tokarsa kabarin gidan Kazama da ke kan tudu a bayan wurin ibadar garin, inda iyayensa suke. Shunpei ne ya rungumi tulun tokar har saman tudun, bai bari kowa ya karɓe shi ba.

Ya rasu ya bar matarsa Fumie, da jikoki huɗu, da 'ya'ya uku: Kotone, malamar makaranta a birnin Niigata, Mayu, wadda ta gaji shagon taliyar kakanta, da Shunpei, wanda har yau in aka tayar da zancen yashin nan sai ya ce mahaifinsa ya cuce shi, amma in wani ne ya kuskura ya faɗi haka a gabansa, to ranar ba za a rabu lafiya ba.