Kogin da ke Bangon Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da ƙanena, da jaka shaƙe da kilishi da daddawa, tsarabar Gwaggo. Gwaggo 'yar wan kakanmu ce, wanda ya tafi hajji a ƙafa ya zauna a Jidda bai dawo ba. A can aka haife ta, ba ta taɓa taka Najeriya ba.

Jidda ta tarbe mu da zafi mai danshi, irin wanda riga ke manne wa mutum a baya. Tituna shimfiɗaɗɗu, direbobi kuwa kowa gudu yake kamar an biyo shi. A unguwar Bani Malik muka sauka, muka ci ful da tamis, wato wake da gurasa mai zafi. Akwai daɗi, amma in ka juya riyal zuwa naira sai loma ta tsaya maka a wuya. Har tsire muka gani da ƙuli-ƙulinsa, Larabawa sun yi masa layi.

Bayan la'asar muka isa Sa'alaba, unguwar su Gwaggo. Gwaggo ta yi kuka, ta yi dariya, ta shinshina daddawa ta sake yin kuka. Da ta ji ni malamin zane ne a makaranta, sai ta ja ni gaban wani tsohon hoto a bangon falo.

"Shuf, ya waladi, duba ɗana," in ji ta. "Garinmu ke nan, Baba ya bar mini. Ga kogin, ga masallacin. Shi nake nuna wa jikokina."

Na daɗe a tsaye, don raina ya biya da aikin. An yi shi da alƙalami da tawada ruwan ƙasa. Kogi ya lanƙwaso ta tsakiyar kwari, yana sirancewa har ya ɓace, sama kuwa ta cinye fiye da rabin takardar. Mai zanen bai wahalar da kansa ba, layi uku ya ja ya samu jirgin ruwa, ya bar farin takarda ya zama hasken ruwan. Sai dai hasumiyar da Gwaggo ke kira masallaci ta coci ce, kuma can kan tudu ga injin iska da fukafukansa huɗu. Zanen mutanen Holan ne na da. Na tambayi inda ya samo shi, ta ce ba ta sani ba, amma Babanta ya taɓa yi wa wasu Turawa girki a tsohon garin Jidda.

Na shiga tsaka mai wuya. In na faɗa, na raba tsohuwa da garinta. In na yi shiru, na bar ta tana nuna wa jikoki ƙasar wasu. Ƙanena yana ta taka mini ƙafa, amma na daure na gaya mata.

Sai ta tuntsire da dariya. "Wallahi na sha mamakin fankar nan! Halas, shi ke nan. To kai da ka san garin, yaya yake?"

Ni ma ban san shi ba. Tafiyar awa uku ce daga Kano, amma ban taɓa zuwa ba. Kunya ta rufe ni.

Sauran kwanakin mun yi umara, mun sha iskar bakin teku, amma tambayar nan ba ta sake ni ba. Mun dawo gida lafiya, kuma abin da na koyo shi ne zumunci a ƙafa yake, har da na garin da mutum ya fito. Ita teku ta raba ta da shi, ni lalaci.

Kafin mako ya zagayo na je ƙauyen, na zauna bakin kogin Haɗeja na zana shi da giginyoyinsa da kwale-kwalensa, na tura mata a waya. Ta aiko da saƙon murya tana sheshsheka: "Na gani, Allah ya yi maka albarka. Bature ya fi ka hannu, amma naka zan rataya."