Shekarar da Gesche Ta Cika Burinta

Gesche Lührs ba ta taɓa sa ƙafa a likafa ba sai da ta shekara talatin da takwas a duniya. 'Yar manomi ce daga wani ƙauye kusa da Verden a ƙasar Jamus, amma shanun madara mahaifinta yake kiwo, kuma a ganinsa doki dabbar marasa aikin yi ce. Ta girma ta koyi jinya, ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi, ta auri Eggert, direban tankar madara, mutum mai sanyin hali da son tsokana. Allah bai ba su haihuwa ba.

Wata Asabar ta raka abokiyar aikinta kallon gasar takun doki. Ba tsere a ciki, ba tsalle. Mahayi ne zai shiga fili mai yashi shi kaɗai, ya sa dokinsa ya yi tafiya da sassarfa da sukuwa a tsanake, kowanne a inda aka tsara, alƙalai na gefe suna ba da maki. Gesche ta ga wata mata mai furfura a kan baƙin doki, hannunta ko motsi ba ya yi, amma dokin na bin abin da ke ranta. Da ta koma gida ta ce wa mijinta za ta koya.

"Yanzu da girmanki?" in ji Eggert. "Ke da ko keke sai kin lalubi ƙasa da ƙafa."

"Ai doki ƙafa huɗu gare shi, ya fi keke."

Ta fara koyo a bargar Malam Brandes, wani tsohon mahayi mai faɗan tsiya, wanda ke kiran duk macen da ba ta kai sittin ba da "yarinya". Bayan shekara huɗu ta sayi goɗiya 'yar shekara shida, ja mai farin goshi, sunanta Linde. Mutane sun ƙi ta saboda tsoro. Ko lema aka buɗe a nesa sai ta zabura.

Malam Brandes ne ya ɗora Gesche a kan al'adar rubuta buri. Ya ce duk ranar farko ta shekara ta zauna ta rubuta abu uku da take so ita da goɗiyar su cimma, ta manna takardar a ƙofar kabad ɗin da take ajiye sirdi. Haka ta riƙa yi a teburin kicin, da kofi da ragowar fanken bikin sabuwar shekara. A shekarar farko ta rubuta kada ta faɗo fiye da sau uku, Linde ta yarda ta shiga tirelar ɗaukar doki ba da daru ba, kuma su shiga gasa ko da su za su zo na ƙarshe. Sau huɗu ta faɗo. Na ƙarshen kuwa sun zo, har sau biyu. Eggert ya ɗauki fensir ya ƙara mata na huɗu a ƙasa: ta riƙa dawowa gida kafin dankali ya huce.

Kullum in ta tashi daga aiki, bayanta na ciwo saboda ɗaga tsofaffi, sai ta zarce barga. Shekara na bin shekara, Linde ta daina tsoron lema, Gesche ta daina kallon hannunta. Suka haye matakin farko na gasar, suka haye na biyu. Saura na uku, inda ake so doki ya sauya ƙafar da yake jagora da ita yana tsakiyar sukuwa, ya kuma yi tafiya a karkace ba tare da ya rasa taku ba. Masu yi don sha'awa kaɗan ne ke kaiwa nan.

A shekara ta bakwai abu ɗaya tak ta rubuta: kafin shekara ta ƙare su ci mataki na uku. Malam Brandes ya tsaya gaban kabad ɗin ya karanta.

"Yarinya, ina sauran biyun?"

"Wannan ya ishe ni, Malam."

"Uku na ce, don in ɗaya ya kuɓuce ki sami abin riƙewa. Kin kusa hamsin, amma har yau kunnenki na ƙashi ne."

A watan Mayu suka gwada, Gesche ta ruɗe ta manta hanya a tsakiyar fili. A Yuli suka sake, maki kaɗan ya hana. Gasa ɗaya ta rage a shekarar, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba.

Ranar Talata kafin gasar, tana goge Linde, ta shafa ƙafarta ta hagu ta gaba, ta ji ɗumi a bayan ƙwauri. Ba kumburi, ba ɗingishi, ɗumi ne kawai. Ta kira Malam Brandes. Ya durƙusa da ƙyar ya daɗe yana shafawa.

"Ki kira likita. Ki ba ta hutun wata guda."

"Malam, Lahadi ce fa gasar."

"Na san kwanan wata. Akwai baɗi."

"Baɗi shekararta sha huɗu, ni kuma gwiwata ta fara ciwo."

Ba ta kira likita ba, don ta san abin da zai ce. Ta yi ta zuba wa ƙafar ruwan sanyi safe da yamma. Zuwa Juma'a ɗumin ya tafi, ta je ta gaya wa Malam Brandes tana murna. Ko ɗagowa bai yi daga sharar da yake ba.

"Goɗiyarki ce," ya ce. "Amma ni ba zan je ba."

Eggert ne ya ja tirelar. Bai san komai game da ƙafar ba, don ba ta gaya masa ba. A ranar Linde ta yi takun da ba ta taɓa yi ba. Ta sauya ƙafa sau biyu lafiya lau, ta yi karkacen kamar tana yawo a kan ruwa. Sai a sassarfar ƙarshe, suna ratsa filin daga kusurwa zuwa kusurwa, Gesche ta ji taku ɗaya ya nutse a ƙarƙashinta. Saura 'yan taku su gama. Ta matsa mata suka ƙarasa, ta tsaya a tsakiya ta sunkuyar da kai ga alƙalai, 'yan kallo suka tafa.

Su suka zo na huɗu, makinsu ya kai na cin mataki na uku. Lokacin da aka kira sunanta a lasifika ta zo ta karɓi shuɗin ƙyallen girmamawa, tana bayan tirela a durƙushe, Linde ta ɗage ƙafar ta ƙi taka ƙasa, gumi na zuba daga wuyanta. Likitan da ke wurin ya ce jijiya ce ta tsage.

Da suka iso barga Malam Brandes na tsaye a bakin ƙofa. Ya taimaka aka sauko da goɗiyar a hankali, ya shimfiɗa mata sabuwar ciyawa. Kwana da kwanaki yana taya Gesche naɗa bandeji, shiru. Ran nan ta kasa daurewa.

"Malam, ka zage ni mana."

"Me zan ƙara miki? Riƙe mata kai."

A Janairun da ya biyo ta rubuta abu uku. Linde ta yi tafiyar minti goma ana jan ta da ragama. Ta kai minti ashirin. Ta fita ta ci ɗanyar ciyawa kafin sanyi ya shigo. Duk sun cika, har Gesche ta fara sa rai. Amma a shekara ta biyu bayan raunin goɗiyar ta yi ɗan tsalle a makiyaya, jijiyar ta sake tsagewa, likita ya ce ba sauran ɗaura sirdi.

Abokan hawa suka ba ta shawara ta kai Linde gonar da ake ajiye tsofaffin dawaki, ta nemi wani doki tun tana da sauran ƙarfi. Ta ce ta ji. Ba ta yi ba. Shekara tara tana zuwa barga kullum, ta goge ta, ta ja ta zuwa bakin daji su dawo, suna wuce filin da wasu ke atisaye. Da Eggert ya yi ritaya sai ya riƙa bin su da karas a aljihu, ko da yake har lokacin yana tsayawa nesa da ƙafafun baya. Sai a wata irin wannan tafiya ta gaya masa zancen ɗumin ranar Talata. Ya miƙa wa Linde karas.

"Na daɗe da sani," ya ce. "Brandes ya gaya mini tun a makon. Jira nake ki faɗa da bakinki."

Malam Brandes ya rasu a shekara ta shida bayan raunin, 'yarsa ta gaji bargar. Linde ta kai shekara ashirin da biyu. Wata safiya a Nuwamba aka same ta kwance a makiyaya ta kasa tashi. Gesche ta bar aiki ta zo da rigar jinya a jikinta, ta zauna cikin laka ta ɗora kan goɗiyar a cinyarta har likita ya yi wa Linde allurar da ta raba ta da wahala, ta mutu. A sabuwar shekara Eggert ya ajiye mata takarda da biro kusa da kofinta. Ta ture su gefe. Ba ta sake hawa doki ba.

Daga baya ƙungiyar mahaya ta roƙe ta ta riƙa zama a rumfar alƙalai tana rubuta musu maki, tunda rubutunta na da kyau kuma ta san tsarin. Aikinta ta ji ta rubuta, ba ta da ta cewa. Shekara biyu tana haka. Wata rana wata mata mai suna Imke ta shigo a kan farin doki, tana yi da kyau, sai Gesche ta ga dokin yana rage taku ɗaya a dama, kaɗan ƙwarai. Alƙalin bai lura ba. Ta ajiye biro.

"Ranka ya daɗe, ka kaɗa ƙararrawa. Dubi ƙafar dama."

Alƙalin ya harare ta, ya sake duban dokin na ɗan lokaci, sannan ya kaɗa. Aka fitar da Imke daga gasar. Bayan an tashi ta tare Gesche a wurin ajiye motoci, idonta jawur.

"Ke wace ce? Shekara guda ina shirin wannan rana! Ke da ko doki ba ki da shi!"

"Gaskiya ne, ba ni da shi," in ji Gesche. "Ki kira likita yau, kada ki bari sai gobe."

Ba ta san ko Imke ta kira ba. Yanzu Gesche ta haura sittin, ta bar aikin jinya, gwiwa ta sa tana dogara sanda, amma duk gasa tana rumfar alƙalai da bargo a cinya. Suna haɗuwa da Imke sau uku ko huɗu a shekara. Gesche takan gaishe ta, ita kuwa takan kau da kai ta wuce.