Malami da Rana Tsaka

Malami ya haura shekara arba'in babu tabo ko ɗaya a fuskarsa. Duk wanda ya san abin da rana ke yi wa zabiya a ƙasar Shinkafi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A wani ƙauye kusa da Galadi aka haife shi, fari fat, gashin kansa ja-ja, idanunsa ba sa son haske. Uwarsa ba ta daɗe ba bayan haihuwarsa, sai ƙanwar ubansa ta ɗauke shi, wadda kowa ke kira Gwaggo.

Yana da yaya, Amina, ita ma zabiya. Fura take kaiwa kasuwa, ta wuni a rana da ƙwarya a gabanta. Wata shekara wani ɗan ƙurji ya fito mata a gefen wuya, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya sake yin wani. Aka yi na gida, aka yi na asibiti bayan lokaci ya riga ya ƙure. Ƙurjin nan ya zama gyambo, gyambon ya yi ta ci har ya kai ta kabari. Malami yana saurayi a lokacin, shi ke riƙe mata fitila idan ana wanke wurin, saboda haka ya ga abin tun daga farkonsa har ƙarshe.

Daga nan Gwaggo ta kafa masa doka. Ta ce, "Kai da rana ba ku haɗa hanya ba. In ta fito ka shiga, in ta yi sanyi ka fito."

Haka kuwa ya rayu. Da an sallame sallar asuba yana gona da hauyarsa. Kafin hantsi ya yi zafi ya dawo, ya zauna a zaure yana tufkar igiya. Bayan la'asar ya koma, sai duhun magariba ya koro shi. Idan tafiya ta kama shi da rana, ya naɗe kai da fuska da rawani, ido kaɗai a waje, ya ɗora malafa a sama. Gero da dawarsa ba su taɓa kasa na maƙwabta ba. Ya auri Mubaraka, suka haifi 'ya'ya baƙaƙe kamar kowa, Gwaggo ta rasu hankalinta kwance. Abokinsa Labbo, mai kabu-kabu, ba ya kiransa da komai sai Baturen Galadi.

"Bature, yau ma ofis ya tashi da wuri?" in ji Labbo, idan ya gan shi yana dawowa da hantsi.

"Ya tashi. Kai dai je ka gasu, tunda kai Allah ya riga ya toya ka."

To, sai daji ya lalace.

Da farko shanu ake kora. Daga baya mutum ake ɗauka, kuma lokacin da ɓarayin suka fi so shi ne lokacin Malami: sassafe da yamma, sa'ad da mutum ke gona shi kaɗai. Dattawan gari suka zauna suka yanke magana. Ba mai fita sai rana ta ɗaga sosai, a fita ƙungiya, a sa mutum a kan bishiya yana duba hanya, a dawo kafin la'asar. Ba wanda ya tuna da Malami a wannan zama, shi ma bai ce komai ba. Ina zai ce? Ran mutane ake magana.

Ya ce a ransa ai rawani na nan. Ran nan yana dawowa daga gona fuskarsa a naɗe, sai wasu 'yan sa-kai baƙi da aka kawo daga wani gari suka tare shi da bindiga, suka kwantar da shi a ƙasa. Mutanen daji ma haka suke rufe fuska. Sai da Labbo ya sheƙo da babur yana ihu, aka warware rawanin, suka ga farin mutum yana ƙifta ido. Babbansu ya ba shi haƙuri, sannan ya ce, "Baba, kada ka ƙara. Wani ba zai tsaya tambaya ba."

Aka bar shi da malafa. Malafa kuwa tana yin abin da za ta iya, amma idan mutum ya duƙa yana noma, rana ta samu kunne da ƙeya, hasken da ke tashi daga yashi kuma ya samu kumatu. Daminar farko fuskarsa ta yi ja, ta kumbura, ta saɓule kamar ta wanda ruwan zafi ya zuba wa. Mubaraka ta riƙa shafa masa man shanu da yamma. Yana sanyaya wurin, amma gobe rana tana nan.

A kakar shekarar wasu ma'aikatan lafiya suka zo Shinkafi suka tara zabiyoyi. A nan Malami ya fara jin cewa akwai man da ake shafawa ya tare rana. Aka ba kowa babbar roba guda. Ya rungumo tasa a bayan babur kamar wanda ya sayo jariri.

Man nan fari ne, mai kauri, mai danƙo, kai ka ce kakide. Idan ya shafa ba ya shiga fata, sai ya zauna a sama. Labbo ya dube shi ya ce, "Bature, farin da Allah ya ba ka bai ishe ka ba sai ka ƙara da farar ƙasa?" Wannan bai dame shi ba. Rana dai ta rage cin sa, ya gani da idonsa. Abin da ya dame shi shi ne gumi. Da ya yi kunya biyu ko uku, gumi ya narkar da man goshi ya gangaro da shi cikin ido. Idon da dama ba ƙarfi gare shi ba, sai ya yi ta yaji yana hawaye, duniya ta zama hazo. Ya goge da hannu, hannun ma man ne da ƙasa.

Ya yi ta haƙuri da haka har ranar da mai gadi ya yi kururuwa daga kan bishiya cewa ga babura nan. Kowa ya watsar da hauya ya nufi gari. Malami ya miƙe idanunsa cike da mai, bai ga gari ba, bai ga daji ba, ƙafafu kawai yake ji. Ya ruga inda ya zaci gida ne, ashe wajen ƙarar baburan ya dosa. Allah ya taimake shi ya faɗa kwazazzabo, ya kwanta a ciki har suka wuce da mutum biyu daga gonar da ke gaba.

Da yamma Mubaraka tana cire masa ƙaya a ƙafa, ya ce, "In na shafa, ba ni gani. In ban shafa ba, kin ga abin da ya sami Amina."

Ta ce, "Ba a yin wanda ba shi da maiƙo, Malam?"

Wannan tambaya ta zama aikinsa. Duk ranar da hanya ta yi dama, Labbo ya goya shi. Suka bi shagunan magani na Shinkafi, ba wanda ya taɓa jin labari. Wani ya miƙo masa basilin, wani man zafi. A kasuwar Moriki suka tsaya gaban wani mai kayan kwalliya, Lado, wanda ya saurare su da kyau, ya ce ya gane sarai: man fuska, marar nauyi, marar maiƙo, wanda fata ke shanyewa nan take. Ya zaro wata 'yar kwalba mai hoton rana a jikinta.

"Wanga shi mata ke rububi. Amare har daga Zurmi suke aikowa."

Labbo ya ce, "To ga amarya na kawo maka."

Suka yi dariya su uku. Ba wanda ya iya karanta rubutun jikin kwalbar, hoton rana dai suka gani. Man ya yi daɗin shafawa, ba ya shiga ido. Cikin mako guda fuskar Malami ta ƙone fiye da yadda ta taɓa ƙonewa. Ashe man bilicin ne, irin wanda ake shafawa don a yi fari, wanda ke sa fata ta yi laushi rana ta ci ta da sauƙi. Lado bai yi da mugunta ba. A wajensa man fuska ke nan, bai san wani ba. Malami ya kwanta a ɗaki har ciyawa ta kusa cinye masa gero. Da ya warke, sai ya ga wani ɗan wuri a saman kunnensa na dama bai warke tare da sauran ba. Bai gaya wa kowa ba.

Gab da damina ta gaba suka isa Ƙauran Namoda, ranar da motoci suka samu rakiyar jami'an tsaro. Can bayan tasha akwai wani mai kemis, Nuraddeen, wanda ya yi karatun aikin. Ya ji bayanin Malami bai katse shi ba, sannan ya shiga ciki ya daɗe yana bincike. Ya fito da wata 'yar roba, ba ta fi ta man goge baki ba. Ya ce wata ma'aikaciyar banki ce ta sa ya saro mata daga Kano, kafin ya iso an yi mata canjin wurin aiki, ya rasa wanda zai saya.

Ya ɗiga a bayan hannun Malami. Abu kamar ruwan nono, ya murza sau biyu ya ɓace. Malami ya taɓa wurin, ya sake taɓawa, ya duba yatsansa. Babu maiƙo.

"Anya yana nan kuwa?"

"Yana nan, Baba. Shiga ya yi."

Noman farko na wannan shekara shi ne mafi daɗi da Malami ya yi tun lalacewar daji. Yana gumi, idonsa garau. Yana ganin mai gadi a kan bishiya, yana ganin hanya. Ya dawo gida fuskarsa ba zafi, har ya ci tuwo yana hira. Mubaraka ta kai hannu kumatunsa ta ce, "Yau kai ne." Labbo kuwa ya ce Bature ya koma ofis.

Nuraddeen ya ce masa a shafa da yawa, a kuma sake bayan alwalar azahar. Malami ya yi haka kwana biyu, ya ga yadda robar ke ramewa, sai ya koma ɗigo-ɗigo. Duk da haka ba ta kai maimai ba. Ya matse ta, ya naɗe ta, daga ƙarshe ya tsaga ta da reza ya lakace cikinta da yatsa.

Ya koma Ƙaura da tsagaggiyar robar a aljihu. Nuraddeen ya girgiza kai. Ya ce ya tambaya a Gusau babu, wanda ya saro masa a Kano ya daina kawowa, wai sai manyan shagunan Abuja, kuma abin da ake sayar da 'yar robar nan yanzu ya kai buhun gero. Mai noma kullum a rana kuwa zai sha irinta da yawa kafin kaka.

Malami ya mayar da tsagaggiyar robar aljihu. Yana juyawa zai fita, Nuraddeen ya ce, "Baba, tsaya. Ɗaga malafar nan."

Ya zo kusa ya duba kunnen, bai taɓa ba.

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Yana ɓawo, ya faɗi, ya sake."

"Wannan ba aikin mai ba ne. Mai yana tarewa ne kafin abu ya zo. Ka je babban asibiti, Gusau ko Sakkwato, kada ka jira."

"Bayan kaka, in Allah ya yarda."

"Baba, ban ce ka jira kaka ba."

"Na ji ka, ɗana. Wa zai yi mini maimai?"

A hanyar dawowa Labbo bai yi wasa ko ɗaya ba. Sai da suka wuce Moriki ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ni zan kai ka, ko Sakkwato ce." Malami ya ce ya sani. Bai gaya masa cewa ba ya bukatar likita ya faɗa masa sunan abin ba. Ya riƙe wa irinsa fitila a wuyan Amina shekaru da yawa da suka wuce.

Har yanzu Malami yana tashi da asuba, jiki ya saba. Ya dawo daga masallaci ya zauna a bakin zaure, iska mai sanyi tana kaɗawa, raɓa a kan ciyawa, gonarsa tana can ba nisa. Yana zaune lokacin nan nasa zai wuce a banza. Sai rana ta ɗaga, daidai sa'ar da a da yake dawowa, sannan ya ji mutane suna kiran juna.

Mubaraka ta fito masa da tsohuwar babbar robar nan mai kauri. Ya shafa a kumatu da haɓa da ƙeya da kunnen hagu. Daga ido zuwa sama ba ya sa komai, don ya ga hanyar gudu. Kunnen dama kuwa yanzu ba ya taɓuwa, sai ta ɗaura masa ɗan tsumma mai tsabta, ƙarami, yadda ba wanda zai ce ya rufe fuska.

Ta ce, "Malam, da ka bari yau."

Ya ce, "Gobe ma wannan ranar ce za ta fito."

Ya ɗora malafa, ya saɓa hauya, ya bi bayan mutane.