Gwangwanin Haƙoran Giya

Kawu Lallaɓa ba shi da haƙoran gaba, amma a garejinsa akwai gwangwanin madara cike da haƙora. Na giyar mota ne. Shekara talatin ke nan yana buɗe giyabos, duk karyayyen haƙorin da ya tsinta a baƙin mai sai ya wanke da fetur ya jefa ciki. Da motocin ɗaukar kaya ya fara, daga baya samari masu motocin gudu suka gano shi, irin waɗanda tayoyinsu huɗu duk ke ja. Sai su je a jona wa inji kwamfuta a ƙara masa ƙarfi, sannan su zo a sa musu kuloci mai tauri, wanda ba ya sulɓewa.

Kawu ba ya gardama. Gwangwanin yake kaɗa wa mutum a kunne, ya ce, "Mai ja da taya biyu, in ka fizge ta taya ce ke murzawa ta yi hayaƙi. Taku kuwa huɗun duk sun dafe kwalta. Ƙarfin nan sai ya sami mafita. In kuloci bai sulɓe ba, haƙori zai ci."

Abin taƙamarsa ɗaya ne a duniya: cikin gwangwanin nan babu haƙorin motar da ta fita daga hannunsa. Ko a wurin ɗaurin aure sai ya san yadda ya sako zancen.

Ana nan sai ɗan yayarsa, wanda ake kira Totur saboda ƙafarsa ba ta san birki ba, ya shigo da tasa motar da sabon kuloci a kwali.

"Kawu, ɗaurawa kawai za ka yi."

Aka kaɗa masa gwangwani.

"Wannan kiɗan tun ina rarrafe nake jin sa. A canza mana waƙa mana."

"Fita, mara kunya!"

Washegari ga Yaya, uwar Totur, da kanta, ta kakkaɓe bencin mai maiƙo ta zauna.

"Yaron nan tun jiya bai ci abincina ba. In ba ka ɗaura ba wani zai kai wa. Gara hannunka."

"Yaya, giyar ba za ta ɗauka ba."

"Ni da na goya ka har ka yi min fitsari a baya, na ɗauka. Ɗaura masa."

Kawu ya dubi gwangwani, ya dubi Yaya. Gwangwani dai bai taɓa goya kowa ba. Ya shiga rami ya sauke giyabos, ya yi aikin da bai taɓa yin mai kyaunsa ba, kowane noti sai da ya bi sau biyu. Ya gargaɗi Totur kada ya saki kuloci lokaci guda. Totur ya rantse har da dafa ƙirji.

Rantsuwar ta yi kwana huɗu. Ran na biyar da la'asar aka jawo motar da igiya, Totur na zaune a sitiyari yana kallon gwiwarsa. Abokai ne suka zuga shi a miƙaƙƙen titin bayan masana'antu, ya cika wuta ya saki kuloci lokaci guda. Ƙara ɗaya giyar ta yi, kamar an yar da tukunya.

Kawu ya kwance noti, baƙin mai ya tsiyaye a faranti, ya laluba da yatsa. Haƙora uku. Ya wanke su ya daɗe yana juyawa a tafin hannu. Kwata tana gefen ƙafarsa, yana iya watsa su ciki, babu mai kallo sai Totur, shi kuwa ba shi da bakin tona asiri.

A gwangwani ya jefa su.

Har yau yana kaɗa wa samari shi, sai dai zancen ya canza. "Uku a ciki aikina ne," in ji shi, "kuma Yaya guda gare ni, ta riga ta ci rabonta. Ɗauki kwalin kulocinka."