Magagarin Malam Halliru

Kullum da safe, kafin ya fita kama bas zuwa Jalan Semarak, Malam Halliru sai ya leƙa bakin ƙofarsa, don ya san ba zai rasa ajiya ba. Yau fanka ce da ta daina juyawa, gobe tukunyar shinkafa ta lantarki, jibi keken ɗinkin wata baiwar Allah. Wasu kan manna takarda da sunansu, wasu ko wannan ba sa yi. Zai kwashe ya kai baranda, ya tafi aikinsa na kula da injuna a ɗakin gwaji na jami'a, ranar Asabar kuma ya shimfiɗa tabarma ya zauna musu ɗaya bayan ɗaya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haka a bene ɗinmu na unguwar Titiwangsa, a nan ƙasar waje. Ni ƙofata na kallon tasa, kuma ni na laƙaba masa Sarkin Maƙeran Titiwangsa, da na ji cewa gidansu maƙera ne kaka da kakanni. Tsokana nake yi, shi kuwa sai ya amsa da "Ranka ya daɗe" ya ci gaba da kwance dutsen gugata. Ƙarshen watan nan zai koma gida, shi ya sa na ga bai kamata ya tafi ban faɗi abin da idona ya gani ba. Cikin ayyukansa duka, ɗaya zan ɗauka.

Sharifa, matar wani ɗalibin digirin digirgir a hawa na tara, tana da 'ya mai suna Hadiyya, shekararta takwas. Allah ya jarrabi yarinyar da larurar nan da ke hana yaro magana da mutane, ƙara kaɗan ta firgita shi. Wata rana a kasuwar gwanjo ta ƙanƙame wata tsohuwar konsatina ta ƙi saki. Abin kiɗa ne mai kusurwa shida, da maɓallai gefe da gefe, tsakiyarsa fata mai ninki, a ja a matse sauti ya fito. Uwar ta saya, ta lallaɓa har ta gano yadda za ta fitar da muryar waƙar renon da take yi mata tun tana goye. Daga nan aka samu sa'ida: sai an yi wannan kiɗan Hadiyya ke cin abinci, sai an yi shi take yarda a shiga jirgin ƙasa zuwa makaranta.

Sai laimar garin nan ta cinye fatar, ta yage. Kwana tara yarinyar ba makaranta, ba abin da ke shiga cikinta sai ruwan shayi. Sharifa ta zaga shagunan kayan kiɗa na Bukit Bintang, ba wanda ya karɓa.

Ina zaune a barandar ranar da ta kawo. "Baban Zahra, don Allah ka duba min," in ji ta. "Everywhere na je, tak boleh, tak boleh, wai ba zai gyaru ba. Wai in sayi keyboard."

Ya juya abin a hannu, ya ce, "Maman Hadiyya, ban taɓa ganin irinsa ba, ba zan ɓoye miki ba." Ya ja, ya matsa, ya kara kunci inda iska ke fita. Sai na ga fuskarsa ta washe. "Ashe zugazugi ne! Ai ina shekara shida aka fara ɗora ni a kan wannan."

Kai ne, Halliru, ka yanka jakar fatar akuya da ka zo da ita daga gida, ka fere ta har ta yi shara-shara, ka bi ninkin nan kana liƙewa. Kai ne ka buɗe cikin ka tarar da siraran harsunan ƙarfe masu fitar da sautin duk sun yi tsatsa, ka zauna kallon bidiyo kamar sabon ɗalibi, har ka gane cewa in an goge bakin harshe murya ta hau, in an goge gindinsa ta sauka. Wasu sun yi ƙus-ƙus a masallaci, wai dattijo da furfura ya koma gyaran kayan kiɗa. Ka ji, ka ci gaba da aikinka.

Ya gama a mako guda. Har ya ƙara da alheri: ya auna kowace murya da na'urar da ke waya, ya ga ɗaya ta gaza kaɗan, ya sa magagarin mahaifinsa ya goge bakinta har wayar ta nuna kore. Muka hau hawa na tara muna ta fara'a. Sharifa ta fara kiɗan. Da aka zo kan wannan muryar, Hadiyya ta toshe kunnuwa ta ƙwalla ƙara, ta shige ƙarƙashin tebur.

Ni dai na ce yarinyar ce ba ta saba ba, a ba ta kwana biyu. Ina jin kunyar wannan magana har yau. Shi kuwa cewa ya yi, "Maman Hadiyya, ajiye shi. Rera min da baki."

Ta rera. Ya ce ta sake. Sau huɗu, idonsa a rufe. Sannan ya ce, "Laifina ne. Waƙarki ba a inda wayar take so ta sauka ba. Wancan da na ɗauka kuskure, shi ne daidai da muryarki."

Mayar da ita ƙasa na nufin goge gindin harshen, kuma harshen ya riga ya sirance, in ya karye babu wani a duk garin. Ya faɗa mata haka ƙarara. Ta ce, "Bismillah, Baban Zahra." Ya kashe wayar ya sa a aljihu. Shafa ɗaya da magagari, ya mayar, ta rera, ya saurara, ya sake cirewa. Tun bayan azahar har aka kira la'asar, gumi na ɗiga daga gemunsa. A karo na bakwai, ana cikin kiɗan, Hadiyya ta fito daga ƙarƙashin tebur, ta ɗora tafinta a kan facin fatar akuyar tana jin numfashinsa. Ta ce, "Makan," wato abinci take so, da yaren garin.

Uwar ta ruga kicin tana kuka. Ni ma na yi, ba zan musa ba.

Malam Halliru, na Ramatu, ɗan maƙeran asali, mun gode. Allah ya saka maka, ya jiƙan wanda ya ɗora ka a kan zugazugi. Mu da muka rage, da takardunmu da muƙamanmu, ina roƙonmu mu koyi wannan: in ɗan'uwa ya kawo mana abinsa, mu fara jin yadda yake so ya kasance kafin mu sa masa hannu.

Na tambaye shi wa zai duba konsatinar in laima ta sake taɓa ta. Ashe Asabar shida ke nan Sharifa na zuwa baranda tare da matarsa Ramatu tana koyo. Jiya na ga ana ɗaure kayansa, na ce kada ya manta magagarin baba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yana hawa na tara."