Barau Mai Tarba da Rushewar Gundumar Markawa

A watan Satumba na shekarar 1991, ana tsakiyar murnar ƙirƙiro Jihar Jigawa, Barau ya fara haɗuwa da Hakimin Markawa. Wani babban jami'i ne zai ratsa garin a kan hanyarsa ta zuwa Dutse, aka nemi waɗanda za su tsaya bakin titi su ɗaga masa hannu aka rasa, don kowa yana gona. Barau, wanda a lokacin ba shi da sana'ar da ta wuce ɗumama bencin mai shayi, ya ce a ba shi zuwa azahar. Ya kwaso masu jiran mota, ya tare wasu 'yan ɗaurin aure a hanya, ya haɗa da makaɗa biyu. Jami'in ya wuce gilashin motarsa a rufe, ko waiwaye bai yi ba. Amma Hakimi ya gani.

"Kai ɗan waye?"

"Ranka ya daɗe, ɗanka ne, Barau."

"To Barau, daga yau tarbar baƙi taka ce."

Ita Markawa gunduma ce tun zamanin En'e. Rabin ƙauyukanta suna gabas ta wajen Kiyawa, rabi suna yamma ta wajen Dutse, garin Hakimi a tsakiya da ofishinsa, da kotu, da ɗakin shan magani, da kasuwar Alhamis. Tun da aka soke haraji da jangali aikin ofishin ya ragu, ya koma sasanta manoma da makiyaya, da ba da shaidar ɗan ƙasa, da tarbar baƙi. Na ukun ne ya faɗo hannun Barau, shi kuwa ya ɗauka shi ne ginshiƙin mulki.

Gaskiya ya iya. Ya san inda za a tsayar da dogaye don taro ya yi kwarjini, ya san lokacin da za a saki guɗa, ya san yadda ake baza mutum hamsin su cika fili. Abin da bai taɓa sani ba shi ne abin da ya kawo baƙon. Ko rigakafi ne, ko rabon taki, ko ta'aziyya, a wurin Barau duk tafi ne da kalangu. Ya ɗinka babbar riga mai aska, ya koyi tafiya a hankali, ya daina amsa sallamar waɗanda suka yi zaman benci tare. Burinsa ɗaya ne a duniya: a naɗa masa rawanin Sarkin Baƙi. Kullum yana tuna wa Hakimi, kullum ana ce masa a bari a ga hali.

A kakar 1996 labari ya zo cewa an kafa kwamitin gyaran iyakokin gundumomi, zai zagaya ya ga waɗanda za a bari da waɗanda za a haɗe da maƙwabta. Markawa tana cikin waɗanda ake shakka. Hakimi ya kira Barau.

"Ina so su ga jama'a. Idan gunduma ta tsira, rawaninka ya tabbata."

Dagatan ƙauyuka suka ce za su zo da mutanensu, duk da ana tsakiyar girbi. Barau ya yamutsa fuska.

"Waɗanne mutane? Masu ƙaiƙayi a ka? Su zo su tsugunna suna hamma a gaban manya? Waɗannan ko tafi ba su iya ba. Ku bar su a gona, ni na san inda jama'a take."

Ya tafi kasuwar Shuwarin da ke ɓangaren Kiyawa ya ɗebo mutane, ya shiga unguwannin bakin Dutse ya ƙaro, ya yi musu alkawarin shinkafa da nama. Duk wanda ya zaɓa sai mai tsabtar riga da ƙarfin murya. Ya raba su gida biyu ya yi musu karatu: na Shuwarin su ce su 'yan Kukar Arzika ne, babban ƙauyen gabas, na Dutse su ce daga Zangon Mailafiya suke, babban ƙauyen yamma. Ya sa suka maimaita har ya zauna musu. A nan karatun ya tsaya, don a nan tunanin malamin ya tsaya.

Ranar taro fili ya cika har bayan kotu. Barau yana kai da kawowa, hannun riga yana tashi, zuciyarsa fari ƙal. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai gilashi da ya yi ritaya daga aikin mulki, ya ɗaga hannu aka tsayar da kiɗa, abin da Barau ya ɗauka rashin sanin darajar tarba ne. Dattijon ya sauko daga rumfa ya shiga cikin mutane, ya tsaya gaban wani tsohon Bafulatani da ake kira Modibbo.

"Baffa, daga ina?"

"Kukar Arzika," in ji Modibbo, ya saci kallon Barau. Barau ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibinsa ya kawo hadda.

"Madalla. Wace kasuwa kuke ci?"

"Shuwarin mana. Da akwai wata ne?"

"Kasuwar Markawa fa?"

"Af! Markawa tana da kasuwa?"

Aka kwashe da dariya. Barau ma ya yi, har da tafa hannu, don a ganinsa taron da aka yi dariya ya yi armashi. Dattijon ya matsa wajen mata, ya tambayi wata mai suna Laraba. Ta ce ita 'yar Zangon Mailafiya ce.

"Inna, idan jikanki ya kwanta, ina kike kai shi?"

"Dutse, ɗan nan. Ga asibiti a kusa, in ɗauko yaro in kawo shi wannan dajin?"

"Hakiminku fa, kin san shi?"

"Wallahi yau na fara ganinsa, Allah ya ja zamaninsa. Kyakkyawa da shi."

Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sunan ƙauye daidai, kasuwa da asibiti da wurin kai ƙara duk na wani wuri. Hakimi yana zaune yana jin komai. Idan ya yi shiru, an rubuta cewa talakawansa ba sa taka garinsa. Idan ya ce mutanen aro ne, ya shaida da bakinsa cewa ya yaudari hukuma. Ya zaɓi shiru. Su kuwa ainihin mutanen Kukar Arzika, waɗanda duk Alhamis suke cika kasuwar Markawa da jakunansu, suna can suna yankan gero, ba wanda ya tambaye su komai.

Da la'asar, bayan baƙi sun tafi, Barau ya zo ya faɗi gaisuwa yana haki.

"Ranka ya daɗe, ka ga jama'a? Ka ji guɗa? Wace rana za a sa ta naɗin, in fara shirin tarba?"

Hakimi ya juya ya ce wa dogari, "Fitar min da shi."

Rahoton kwamiti ya ce bincike ya nuna jama'ar gabas duk harkarsu a ɓangaren Kiyawa take, ta yamma kuma a Dutse. Da sabuwar shekara aka rushe gundumar. Aka raba ƙauyukan yadda mutanen aro suka faɗa, garin Markawa ya koma hannun dagaci, aka ɗauke kotu, Hakimi ya koma gidansa na unguwar Limawa a Dutse ya zauna. Mutumin Kukar Arzika da a da yake zuwa ofis a ƙafa ya dawo kafin azahar, yanzu sai ya hau mota biyu.

Barau bai taɓa yarda laifinsa ba ne. Har yau cewa yake mahassada ne suka shiga tsakani, kuma ba a taɓa tara jama'a irin ta ranar ba a ƙasar nan. Ba a naɗa shi komai ba. Ya ɗan ci gaba da bin tarukan siyasa har zuwa shekarar 2000, lokacin da aka ƙaddamar da shari'a makaɗansa suka watse. Yanzu yana wata tasha a Dutse tare da 'yan kamasho. Aikinsa ya zauna cikin motar da ba ta cika ba don matafiya su ɗauka ta kusa tashi, idan fasinja na gaske ya zo ya sauka ya ba shi wuri.